Takardar banki ta zo da Turanci: me take cewa, kuma wa zai biya?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah ina neman wanda zai warware mana wata takarda. Yayana aka aiko wa daga wani ƙaramin banki. Su goma suka haɗu a ƙungiya suka karɓi lamunin noman shinkafa a fadamar garinmu, nan wajen Auyo a Jihar Jigawa. Ruwa ya zo ya shanye gonakin tun shinkafar ba ta fitar da kai ba. Duk da haka Yaya ya kai bijimi ɗaya cikin shanun huɗarsa kasuwar Gujungu ya sayar, ya je ya biya nasa kason har da kuɗin ruwa, rasit yana hannunsa. Sai ga takarda jiya da sunansa a sama. Na karanta iya karatuna, na ga "default", na ga "outstanding balance", sai wata doguwa wai "jointly and severally liable". Tun jiya bai ci abincin kirki ba, gani yake kama shi za a zo a yi. Malam Habu, kai ne malamin Turanci a cikinmu, a taimaka.

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar wa Yaya da alheri. Ka fara kwantar masa da hankali, babu maganar kamu a cikin ukun nan da ka kawo. "Default" na nufin wa'adin biya ya cika ba a biya ba, ko an saɓa wani sharaɗi na yarjejeniya. "Outstanding balance" shi ne ragowar kuɗin da ake bi har yanzu. Ta ukun ce mai nauyi. Cewa take yi bashin nan gaba ɗayansa yana wuyan su goman a tare, kuma yana wuyan kowane ɗaya shi kaɗai. Banki yana da damar ya bi su duka, yana kuma da damar ya tsallake tara ya tsaya a ƙofar mutum ɗaya da ya ga yana da abin hannu, ya ce ya cika ragowar. Biyan kasonsa bai fitar da shi ba matuƙar akwai wanda bai biya ba. Tambaye shi, ranar da aka ba su kayan, akwai wata takarda guda da dukkansu suka sa wa hannu?

Baban Khalifa: Ga shi nan kusa da ni, ya ce akwai. A jere suka dangwala yatsa a gindin durumin ƙofar gidan mai unguwa. Wakilin da ya kawo fom ɗin ya ce musu shaida ce kawai ta cewa su ƙungiya ce, ko layi ɗaya ba a karanta musu ba. Mutum huɗu ne ba su biya ba. Biyu sun tafi cin rani kudu tun bayan ruwan, ɗaya yana kwance ba lafiya, na huɗun kuwa ya ce shi ba zai biya kuɗin gwamnati ba.

Barista Ɗan Ringim: Bayanin Malam Habu daidai ne. Bari in ƙara abin da ya shafi doka. Bashi ba laifi ba ne da ake kama mutum a kansa. Dokar 'yan sanda ta 2020, sashe na 32, ta hana a kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniya ko ana bin sa bashi, haka ma dokar shari'ar manyan laifuka ta tarayya ta 2015 a sashe na 8. Sai fa idan an samu yaudara, kamar mutum ya karɓi kuɗi da sunan ƙarya ko takardun bogi. Hanyar mai bin bashi ita ce kotu.

Amma kada wannan ya sa a yi sake. Tun watan Agusta na 2020 Babban Bankin Najeriya ya fito da tsarin da ake kira GSI. Idan mutum ya sa hannu a kan wannan sharaɗi lokacin karɓar rance, ana iya bin lambar BVN ɗinsa a cire abin da ake binsa daga asusunsa na wani bankin daban. Sannan akwai kamfanonin da aikinsu ajiye tarihin masu cin bashi, in sunanka ya shiga jerin waɗanda ba su biya ba, duk bankin da ka nufa gaba zai gani.

Shawarata, ka raka shi bankin da kanka, ku tafi da rasit. Ku nemi a ba ku kwafen takardar da suka dangwala wa yatsa da cikakken lissafi a rubuce, wane ne ya biya, nawa ya rage. Ku kuma tambaya ko an cire kuɗin inshora a cikin lamunin. Lamunin noma da yawa ana haɗa shi da inshorar NAIC, hukumar inshorar aikin gona ta ƙasa, kuma ambaliya na cikin abin da ake yi wa inshora. Matsalar ita ce ana so a kai rahoton asara da wuri, tun gonar tana cikin ruwa, manoma kuwa ba a gaya musu.

Alhaji na Dawanau: Allah ya kyauta. Ni dai wancan na huɗun ne ya tsaya mini a rai. Irinsa su suka ɓata wa manoma suna. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, lokacin da Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers a Kebbi a Nuwamba 2015, tsarin a fili yake. A haɗu a ƙungiya daga mutum 5 zuwa 20, a ba ku iri da taki da magani, kuɗin ruwa kashi 9 cikin 100, da kaka ku biya da amfanin gona. Ina bankin kasuwa da zai ba manomi rance a kan haka? Amma me ya faru? Mutane nawa suka karɓi taki da injin ban ruwa suka sayar a bakin titi tun ba su kai gida ba? Wani ya ƙara aure, wani ya sayi babur. In ka yi magana a ce maka rabonsu ne na arzikin ƙasa. An jera dalar shinkafa a Abuja a Janairu 2022, amma maganar bashin da ba a biya ba ita ce ta bi shirin har ƙarshensa. Ni ɗan kasuwa ne, na san zafin a karɓi kayanka a riƙa ɓuya maka.

Sale Mai Injin: Alhaji, ranka ya daɗe, da girmanka amma ban yarda a haɗa mu duka a kwano ɗaya ba. Waɗanda suka sayar da taki a bakin titi, da yawansu ko fartanya ba su taɓa riƙewa ba, 'yan gari ne da aka rubuta sunayensu saboda suna da hanya. Manomi na gaskiya fa? Ni na taɓa shiga wani shirin lamuni, ba wannan da ka ambata ba. Taki bai iso ba sai da shinkafa ta wuce lokacin sa taki. Irin da aka kawo rabinsa bai tsiro ba. Da aka zo lissafi kuwa, farashin da aka rubuta wa kayan ya fi na kasuwa. Sannan ga ruwa. Wanda ke zaune a Kano ba zai gane abin da 2020 da 2022 suka yi wa mutanen Auyo da Kafin Hausa da Hadeja da Miga da Ringim ba. Ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa, kogi ya cika ya rasa inda zai bi, sai gonakinmu. Mutum ya ci bashi ya zuba a ƙasa, ruwa ya tafi da shi, da me zai biya?

Alhaji na Dawanau: Sale, wanda ruwa ya cinye ban da shi a maganata. Ina magana ne a kan mai hali da ya ƙi.

Malam Habu: Ku bari in shiga tsakaninku, don ina ganin akwai inda abin yake lalacewa tun kafin a kai ga taki. A takardun gwamnati da na ƙungiyoyin agaji akwai "grant", akwai "loan". Na farko kyauta ce, ba a biya. Na biyu rance ne. Sannan akwai waɗansu da ake yawan ji a bakin jami'ai, irin su "intervention" da "empowerment" da "support", waɗanda ba su nuna ko kyauta ce ko rance ba. To duk waɗannan idan suka iso rediyo, ko bakin ɗan siyasa a wajen taro, kalma ɗaya suke zama: tallafi. Bahaushe kuwa in ka ce masa tallafi, bai taɓa kawo biya a ransa ba. Sai ya je ya dangwala yatsa a takardar da ta ce rance, alhali kunnensa kyauta ya ji. Wancan na huɗun bai kyauta ba, amma ina da yaƙinin akwai wanda ya fara furta masa kalmar tallafi.

Akwai wasu biyu da suke jefa mutane a rami. "Moratorium" jinkiri ne, an ɗaga maka lokacin fara biya, wata uku ko shida ko yadda aka yi yarjejeniya. Sau da yawa kuɗin ruwa yana ci gaba da hauhawa a cikin watannin nan. Na ga mutumin da aka ce an ba su wannan bayan ambaliya, ya koma gida yana murna an yafe. Ta biyun ita ce "write-off". Banki ne ya cire bashin daga lissafin abin da yake sa ran samu, don gyaran littafinsa. Wannan ba yafiya ba ce, gobe yana iya dawowa ya nema. Yafiya ta ainihi ita ce "waiver", kuma kada ka yarda da ita sai ka gan ta a rubuce da hatimi.

Abin yana ci mini rai ƙwarai. Muna koya wa yara Turanci shekara shida a sakandare, muna ta fama da su a kan rubuta wasiƙa zuwa ga aboki, amma yaro ya gama ba zai iya karanta wa mahaifinsa takardar rance ba.

Barista Ɗan Ringim: A kan wannan, akwai tsohuwar dokar kare wanda bai iya karatu ba. Ta ce duk wanda ya rubuta takarda a madadin irin wannan mutum, dole ya sa sunansa da adireshinsa, ya kuma shaida cewa an karanta masa an fassara masa kafin ya sa hannu. Baban Khalifa, in kun karɓo kwafen, ku duba ko akwai irin wannan shaida a ƙasa. In babu, ku kai wa lauya ya gani, abu ne da ake iya tayarwa a gaban alƙali.

Maman Ummi: Sannunku da ƙoƙari. Ku maza kuna ta maganar shinkafa, ku zo ku ga abin da rancen mako-mako yake yi wa mata. Ana haɗa mu mu goma ko sha biyar, a ba kowa jari, duk sati a kawo biya. In ɗaya ba ta kawo ba, babu mai tashi daga tabarmar sai an haɗa mata. Maƙwabciyata ƙuli-ƙuli take yi da man gyaɗa. Gyaɗa ta yi tsada, ɗanta ya kwanta asibiti, jarin ya tafi a magani. Da idona na ga ta ɗauko kwanukan jerenta na aure, waɗanda ko abinci ba ta taɓa zubawa a ciki ba, ta naɗe a zani ta ba dillaliya da daddare don kada kishiya ta gani. Sati na gaba akuya ta bi. Yanzu ko biki ba ta zuwa. Ni adashi na sani tun tasowata, ba ruwa ba takarda, in kwasarki ta zo ki kwasa. Shi ma in uwar adashi ba ta da amana ana kuka, amma ban taɓa ganin adashi ya raba mace da gadonta ba.

Liman Ƙarami: Assalamu alaikum. Na bi maganganunku tun daga farko. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, saboda haka kada wanda ake bi ya ga kamar shi kaɗai ne. Amma addini bai ɗauke shi da wasa ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka: a rubuta shi, a sa wa'adi, a kafa shaidu. Ku lura da wani abu a cikinta, wanda ake bi shi aka ce ya yi shiftar abin da za a rubuta, in kuma ba zai iya ba waliyyinsa ya yi masa da adalci. To ina wannan, ina a miƙo wa mutum takarda da harshen da bai sani ba a ce dangwala?

Alhaji yana da hujja, domin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce jinkirin mawadaci wajen biya zalunci ne. An taɓa kawo gawa ya ƙi yi mata salla saboda bashi, sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Sale ma yana da hujja, domin aya ta 280 ta ce in wanda ake bi yana cikin ƙunci a saurara masa har ya samu sauƙi, in kuma aka yafe ya fi alheri. Sannan a cikin mutum takwas da Suratut Tauba ta ce a ba zakka, akwai waɗanda bashi ya yi wa katutu. Wannan kason mun manta da shi. Da kaka ana fitar da zakkar hatsi a garuruwanmu, ana ba fakirai da miskinai, amma ban cika ganin an nemi manomin da bashi ya danne an ce ga wannan ka sauke nauyi ba. Shi ma kunya ba za ta bar shi ya zo ya faɗa ba.

Sale Mai Injin: Allah ya gafarta Malam, tunda ka shigo, yaya hukuncin ba da kaka? Don mu a nan shi ya fi banki cin mutane. Watan Agusta in ya kama, rumbu ya ƙare, ga ciyawa ta taso ana neman kuɗin 'yan ƙwadago, sai ka je wajen mai kuɗi ya ba ka kuɗin buhu a rabin abin da zai yi da kaka. Ranar da ka yi girbi, tun a masussuka yaransa suke tsaye da buhunansu.

Alhaji na Dawanau: Ni ma ina ba da kaka, ba zan ɓoye ba. Kuɗina nake fitarwa wata uku ko huɗu ban san me damina za ta yi ba. In fari ya zo ko ruwa ya yi yawa, wa yake mayar mini? Kuma farashi ba kullum yake hawa ba. Bayan da gwamnatin tarayya ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150 a 2024, waɗanda suka tara hatsi a sito suna jiran tsada da yawa sun tafka asara. Lokacin da manomi ya zo mini da daddare matarsa na naƙuda, ina bankin yake?

Liman Ƙarami: Ku saurara, abin hawa-hawa ne. Idan ka ba mutum kuɗi hannu da hannu a kan zai kawo maka hatsi sananne, mudu sananne, a lokaci sananne, wannan ciniki ne da shari'a ta halatta, malamai suna kiransa salam, ko da farashin bai kai na ranar girbi ba. Amma in ka ba shi buhun gero da damina ka ce ya dawo da buhu ɗaya da rabi da kaka, wannan riba ce tsantsa. Haka in ka ba da dubu goma ka ce a dawo da sha biyar. Wanda ya fi muni, kuma shi ya fi yawa, shi ne kaka ta zo bai samu ba, sai ka ce to buhu biyun nan sun zama uku zuwa baɗi. Wannan ita ce ainihin ribar jahiliyya. Alhaji, ko a inda ya halatta, halacci daban, tausayi daban. In ka san yunwa ce ta kawo shi, kada ka matse farashin har ya zama ya yi maka noma ne kyauta.

Alhaji na Dawanau: Na ji, Malam. Ninkawa dai ban taɓa yi ba, Allah shi ne shaida. Maganar farashi kuwa kasuwa ce take yanke shi.

Sale Mai Injin: A watan Agusta babu kasuwa tsakanin mai yunwa da mai kuɗi, Alhaji. Abin da ka faɗa shi ne farashi.

Ɗalibar Dutse: Iyayena, ku ba ni dama in kawo alƙaluma, don abin da kuke faɗa ya fito a binciken hukuma. A Nuwamba 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin 100 na 'yan Najeriya, suna cikin talauci mai fuskoki da yawa. A karkara kashi 72 ne, a birni 42. Jigawa tana cikin jihohi biyar na sama, sama da kashi 80 cikin 100. Ba kuɗi aka duba ba, an duba nisan asibiti, zuwan yara makaranta, ruwan sha, banɗaki, abin da ake girki da shi, da samun abinci. A binciken 2019 kuwa da kuɗi aka auna, duk wanda abin da yake kashewa bai kai naira 137,430 a shekara ba an sa shi a ƙasan layin talauci.

Kawu Ilu: 'Yata, Allah ya yi miki albarka, amma ni wannan awo bai gamsar da ni ba. Ina da rumbu biyu na gero, ina da tumaki, ban taɓa kwana da yunwa ba, ba wanda yake bi na ko sisi. Don matata tana girki da kara, sai a rubuta ni matalauci? Ga ma'aikaci can a birni da fanka da talabijin, albashinsa tun ran goma ga wata ya ƙare, mai shago na binsa, mai haya na binsa. Wa ya fi wani talauci?

Ɗalibar Dutse: Kawu, ba girki da kara kaɗai ke sa a ƙirga mutum ba, sai rashin ya taru ta fuskoki da dama. Ka tuna lokacin da Inna ta yi rashin lafiya da damina, sai da aka ɗauke ta a amalanke zuwa bakin titi. Irin wannan suke aunawa.

Kawu Ilu: Wannan kam gaskiya ne. Amma rashin hanya laifin hukuma ne, ba talaucina ba ne.

Malam Habu: Abin da Kawu ya faɗa game da ma'aikacin birni, Turawa suna da kalmarsa, "broke". Mutum ne da aljihunsa ya bushe yau, amma ana sa ran gobe zai samu. Ba a rubuta ta a takardar hukuma, maganar baka ce. "Poor" ita ce ta gama-gari. "Destitute" kuwa shi ne wanda ba shi da komai sam, ba abinci ba makwanci. A mazhabarmu ta Malikiyya ma an bambanta, fakiri yana da ɗan abin da ba zai kai shi shekara ba, miskini kuwa ba shi da komai, Liman zai gyara mini in na kauce. Inda nake so 'yan kasuwarmu su kula shi ne "insolvent" da "bankrupt". Na farko hali ne, bashin da ke kanka ya fi ƙarfin abin da ka mallaka, ko ka kasa biya a kan lokaci. Na biyu hukunci ne, sai kotu ta ayyana. Mu duka karayar arziki muke cewa, shi ya sa wani zai ji an ce kamfani kaza ya zama "bankrupt" ya ɗauka zagi ne, alhali mataki ne na shari'a da ake tattara abin da ya rage a raba wa masu bin bashi.

Liman Ƙarami: Ba ka kauce ba. Kuma wannan na ƙarshen ma akwai babinsa a fiƙihu, taflisi. Alƙali yana hana wanda bashi ya fi ƙarfin dukiyarsa taɓa ta, a sayar a raba wa masu bi gwargwadon haƙƙin kowa, a bar masa tufafinsa da abin da zai ci da iyalinsa. Ba a tozarta shi.

Maman Ummi: To ina ma masu rancen waya su ji wannan. Ƙanena ya ci na wata manhaja, kwana kaɗan ya wuce wa'adi, sai ga saƙo a wayar duk wanda ke cikin lambobinsa har da surukinsa, wai ɓarawo ne a guje shi.

Barista Ɗan Ringim: Wannan ya saɓa doka, Maman Ummi. Tun 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta fara dirar wa irin waɗannan kamfanoni, ta kuma wajabta musu rajista. Ya adana saƙonnin, ana kai ƙorafi gare ta. Bashin dai zai biya, amma ɓata suna ba ya cikin yarjejeniya.

Kawu Ilu: Barista, tunda kana nan, ni ma ga tawa, ta jingina ce. Mahaifinmu ya jinginar da wata gona shekarun baya lokacin wata yunwa, ya karɓi buhunan dawa da ɗan kuɗi. Shi ya rasu, wanda ya karɓi jinginar ma ya rasu. Mun tara kuɗin mun je fansa, 'ya'yansa suka ce ubansu saye ya yi. Ba takarda ko ɗaya, da baki aka yi a zauren dagaci.

Barista Ɗan Ringim: Kawu, ƙa'idar da kotunan ƙasar nan suke bi a jinginar gargajiya ita ce jingina ba ta rikiɗewa ta zama saye komai daɗewarta, ranar da aka kawo kuɗin fansa gona ta koma ga masu ita ko magadansu. Aikin da ke gabanku shi ne tabbatar da cewa jingina ce tun asali. Wannan kuwa sai da shaidu. Akwai wanda ya rage cikin waɗanda suka zauna a zauren ranar? Ku fara da dagaci da hakimi a nemi sulhu, in ya ƙi sai kotun shari'ar Musulunci ta yankinku.

Liman Ƙarami: In ƙara da cewa, idan rance ne aka jinginar da gonar a kansa, noman da suka yi ta yi suna cin amfaninta duk shekarun nan shi ma akwai magana a kansa, domin rancen da ya jawo wa mai bayarwa amfani malamai sun hana. Amma kada ku fara da wannan, zai ƙara taurara su. Ku nemi gonar tukuna.

Kawu Ilu: Mutum biyu sun rage. Ɗaya ya tsufa ƙwarai, magana ma da ƙyar, ɗayan yana wajen 'yarsa a Kafin Hausa, kuma hankalinsa garau. Barista, in na same shi, a rubuce zan karɓo maganarsa ko sai ya zo da kansa?

Barista Ɗan Ringim: Ya zo da kansa gaban dagaci ya fi ƙarfi. Amma saboda shekaru, ranar da ka je ka tafi da mutum biyu adilai, ya faɗa a gabansu, a rubuta da Hausa ko da ajami, a karanta masa ya ji, sannan ya sa hannu su ma su sa. Kada ka bari a kai kaka ba ka je ba.